Iddi Mahauci da Kajin Santa Katarina

A cikin 'yan Ghana mazauna unguwar Deira ta Dubai babu wanda bai san Iddi Mahauci ba, kuma da ƙyar za ka sami wanda zai ce yana marmarin zama da shi. Dogo ne busasshe mai jan ido, irin mutumin da in ka ce masa ina kwana sai ya tsaya ya duba ko da wata manufa a ciki. Sunan mahauci daga Kumasi ya taho da abinsa, don a Dubai ko tattabara bai taɓa yankawa ba. Dako yake yi a wani gidan sanyi da ke bayan unguwar Port Saeed, inda ake ajiye daskararrun kaji da kifi. Abin da ya yi suna a kansa shi ne gaba da wata jiha can kudancin Brazil mai suna Santa Katarina, jihar da bai taɓa takawa ba, kuma babu wanda ya taɓa yi masa ko harara a cikinta.

Gabar tana da asali. Gidansu Iddi a Zangon Kumasi gidan fawa ne tun kakanni, shi ma a kan teburin nama ya buɗe ido. Yana cikin ganiyarsa kajin kwali suka fara cika kasuwa, masu araha, farare fes, babu fiɗa babu figa. Mata suka riƙa wuce teburinsa suna gaishe shi da ladabi, jakunkunansu na ɗigar da ruwan ƙanƙara. Ya yi wa'azi, ya yi zagi, ya rantse musu cewa mushe suke ci, amma ciniki bai dawo ba. A shekarar 2009 wani dillali ya ce masa ana neman mahauta a Dubai. Da ya sauka aka ba shi rigar sanyi da safar hannu, aka nuna masa tulin kwalaye. Kajin da suka kore shi daga gida su aka ce ya riƙa ɗauka a kafaɗa.

Wannan kaɗai da ya isa a tausaya masa, in da bai baro wata ɓarna a gida ba.

A gidansu akwai al'ada. Ranar da yaro ya yi yankansa na farko, uba zai duba wuyan dabbar, sannan a gasa hantar ya ci a gaban jama'a. In ya ci, yaro ya zama mai wuƙa, kowa zai iya cin yankansa ba tare da tambaya ba. Iddi yana da ɗa namiji guda, Abdul-Aziz, yaro mai sanyin hali wanda ya ɗauko uwarsa. Babbar Sallar da ta zo kafin tafiyar Iddi, aka miƙa wa yaron wuƙa a kan ragon layyar gidan. Ragon ya zabura, hannun yaron ya ɗaga kaɗan, nan take ya mayar ya ƙarasa. Limamin unguwa yana tsaye a wurin, ya ce yanka ya yi, tunda bai jinkirta ba. Iddi ya durƙusa ya buɗe wuyan ragon da yatsa, ya miƙe ya goge hannu a wandonsa.

"Mushe ne," in ji shi. "A ja shi a binne."

Aka roƙe shi har aka gaji. Uwar yaron ta yi kuka, liman ya yi fushi ya tafi. A shekarar nan naman maƙwabta aka ci a gidan mahauta, Abdul-Aziz kuwa da hannunsa ya haƙa ramin. Wannan ba tsoron Allah ba ne, girman kai ne kawai ya sa rawani, kuma duk Zango an san haka.

A gidan sanyi Iddi ya fara lura cewa yawancin kwalayen suna ɗauke da suna ɗaya a gefe. Ya tambayi Ɗalhatu, wani matashin Bakano da ke kula da shiga da fitar kaya a ofishin wurin. Ɗalhatu ya yi kuskuren buɗe masa taswira a kwamfuta. Ya nuna masa jihar, ga teku ta gabas, ga Ajantina ta yamma, ga babban birninta Florianopolis a kan tsibiri. Ya nuna masa bakin wani kogi inda tasoshin jirgin ruwa biyu ke kallon juna, Itajai da Navegantes, ya ce daga nan ake loda kwantenonin da ke zuwa tashar Jebel Ali ta Dubai.

Tun daga ranar Ɗalhatu bai sake shan shayinsa cikin kwanciyar hankali ba. Iddi ya mayar da shi rediyo. Yau ya tambayi ina ake kiwon kajin, a ce masa can yamma wajen Chapeko, manyan motoci ke gangaro da su ta tsaunuka zuwa gaɓar teku. Gobe ya tambayi ko akwai masallaci. Ranar da ya ji cewa jihar ce kan gaba wajen kiwon alade a duk Brazil, sai da ya yi kabbara don murna. Ba ilimi yake nema ba, duwatsun jifa yake tarawa.

Inda yake jifan kuwa shi ne ɗakin ƙanwarsa Hamamatu a unguwar Al Muraqqabat. Hamamatu tana aikin rakiyar yara a motar makaranta, ranar Juma'a kuma takan dafa wake da shinkafa da shito, soyayyen yajin nan na Ghana, 'yan Zango su taru bayan masallaci su ci su yi hira. Kowa da soyayyiyar kaza a kan abincinsa, ban da Iddi, wanda ake dafa wa ƙwai. Ba ya barin mutane su ci lafiya. Da ya ga an kai cinya baki sai ya fara.

"Ka san daga ina wannan ta fito? Itajai! Garin da kogi ke shiga ɗakunan mutane. Ka ga wuyanta? Ina kan? Kaza ba kai ba wuya, wa ya shaida maka yadda aka yanka ta? Takarda? Takarda tana sallah?"

"Yaya, khalas, ya isa mana," Hamamatu kan ce. "Bar mutane su ci abin da suka samu."

A nan ne gaskiyarsa ɗaya take, in ma gaskiya ce. Shi mahauci da wuya yake gane yanka, su kuwa kajin nan an sare musu wuya tun daga can. Babu abin dubawa. Ko dai ka yarda da maganar wanda ya yanka, ko ka bari. Iddi kuwa bai taɓa yarda da maganar kowa ba. Shekarar da ambaliya ta sake cin Itajai, kaya suka yi jinkiri, ya zaga Deira yana cewa ga ishara nan ta sauka. Bai ko tambayi mutum nawa suka rasa muhalli ba.

Ana nan sai shekarar 2014 ta zo da gasar ƙwallon duniya a Brazil. Samarin Zangon Kumasi da yawa suka karɓi bizar kallon ƙwallo, suka tafi ba su dawo ba. Abdul-Aziz yana cikinsu. Daga Sao Paulo ya hau motar haya ya yi kudu, ya sauka a Krisiyuma, wani garin kwal a cikin Santa Katarina ɗin dai, ana tsakiyar sanyinsu a watan Yuli. A kusa da nan akwai masana'antar kaji da ke neman Musulmi masu yankan hannu saboda kasuwar ƙasashen Larabawa. Da watan Agusta ya kama, ya kira ubansa.

"Baba, na samu aiki. Wurin yankan kaji ne."

"A ina?"

Ya faɗa masa. Iddi yana tsaye a ƙofar gidan sanyi, ya ji kamar an watsa masa ruwan ƙanƙarar da ke bayansa.

"Duk faɗin duniya ka rasa inda za ka sai garin aladu?"

"Baba, ka saurare ni. Da farko ba za su ba ni..."

"Kai da ka kasa rago ɗaya a kwance, an danne maka shi, kai ne za ka yanka wa duniya kaji? Allah ya kiyashe mu."

Ya kashe wayar. Da yamma ya ba da labarin a shagon shayi kamar wanda ya ci gasa.

Daga nan yaron ya koma kiran gwaggonsa. Wata Juma'a cikin Nuwamba, an zuba abinci, Hamamatu ta tsaya a kan yayanta da ludayi a hannu, ta yi magana yadda kowa zai ji.

"Abdul-Aziz ya ce in gaya maka. Akwai lamba a cikin zagayen hatimin da ke jikin leda, ta masana'antarsu ce, ga ta nan na rubuta a hannuna. Ya ce da hannunsa yake yanka, yana fuskantar alƙibla, yana bismillah a kan kowace. Ya ce abu ɗaya yake roƙo, ka ci yankansa ko loma ɗaya ce."

Iddi ya kalli tafin hannunta, ya kawar da kai.

"Bismillah a kan kowace? Dubu nawa a yini? Bakinsa inji ne? Ki ce masa ya aiko mini da wuyan in duba."

"Ei, Yaya! Ɗanka ne fa. Maganarsa ba ta ishe ka ba?"

"Ba ni ƙwaina."

Amma lambar ta zauna masa a ka. Cikin makon nan wata mota ta kawo kaya daga Jebel Ali, kwali ɗaya ya fashe wajen saukewa. A wurin, in kwali ya fashe, 'yan dako ake raba wa kajin, kuma kullum Iddi yakan ture rabonsa da ƙafa. Ran nan idonsa ya faɗa kan hatimin. Lambar ce. Ya waiga, ya ga ba mai kallonsa, ya ɗauki guda ya cusa a can ƙuryar ɗakin sanyi, bayan kwalayen kifin da ba a cika taɓawa ba.

Bai ci ba, bai kuma yar ba. In aiki ya lafa sai ya shiga ya ciro ta, ya juya ta sama da ƙasa, ya sa babban yatsa a inda wuya ya kamata ya kasance. Fata ce kawai a naɗe, ta daskare kamar dutse. Yakan tsaya har yatsunsa su mutu, ya mayar da ita ya fito yana masifa da duk wanda ya fara cin karo da shi. Yana son yaron, wannan babu shakka. Amma so yake a kawo masa hujjar da zai gani da ido, don kada a ce Iddi Mahauci ya janye maganarsa.

A waje kuwa bakinsa sai ƙara kaifi yake. Da Ɗalhatu ya gaya masa an yi zaɓe a jihar, gwamna mai ci ya koma tun a zagayen farko, kuma a ƙasar dole ne kowane baligi ya jefa ƙuri'a, sai ya ce mutanen da sai an tilasta musu zaɓen shugabansu, wa zai tilasta musu bismillah? Abdul-Aziz ya aiko da hotonsa cikin farar riga da hula da takalmin roba, ya rame, yana murmushi. Iddi ya ce ya yi kama da mai wankin gawa. Hamamatu takan tace maganganun kafin ta isar, amma 'yan Zango ba su da rowar labari, duk abin da aka faɗa a Al Muraqqabat yakan isa Krisiyuma kafin a wanke kwanuka.

A watan Fabrairun 2015 direbobin manyan motoci suka shiga yajin aiki a Brazil saboda tsadar man dizal. Suka tare hanyoyi, abin ya fi tsanani a yammacin Santa Katarina. Abincin kaji bai isa gonaki ba, kaji ba su isa mayanka ba, kwantenoni suka yi zaman jira a tasha. Iddi ya shigo ɗakin Hamamatu ran Juma'a fuskarsa kamar an yi masa albishir da kujerar Makka.

"Allah ya ƙara! Su ruɓe a kan hanya. Allah ya sa kada a buɗe ta sai baɗi."

Hamamatu ta ajiye tukunya da ƙarfi har miya ta fantsama.

"To addu'arka ta ci, Yaya. An rage ma'aikata, sabbin zuwa aka fara sallama. Abdul-Aziz yana ciki. Dama hannunsa ya kumbura, ko cokali da ƙyar yake riƙewa saboda sanyi da yankan. Ya ce ya bar wuƙa ke nan, zai koma Sao Paulo ya nemi aikin gini. Ya kuma ce in gaya maka ka huta, ya daina roƙo."

Wani a cikin samarin ya yi tsaki. Iddi sai ya ce shinkafar ta yi ruwa. Tun daga ranar mutane suka fara janye tabarmarsu daga kusa da shi, ya zama shi kaɗai a gefen taga da ƙwansa.

Watanni suka wuce, yaro bai kira ba. Iddi yana ce wa kansa, in ya kira zan ci. Bai taɓa tunanin cewa shi ma yana da yatsun danna waya ba. Kazar tana nan a bayan kifi, ƙanƙara ta lulluɓe ledar har rubutun ya dushe.

Ana gab da Babbar Sallah aka ce masu duba abinci na hukuma za su zagayo, aka sa a fitar da komai a share. Ɗalhatu ne ya ci karo da ita. Ya kankare ledar da farce, ya duba, ya kira Iddi gefe.

"Baba Iddi, wannan taka ce, na sha ganinka da ita. Yankan Satumbar bara ce, wa'adinta ya cika. In aka same ta a nan, wallahi rufe mu za a yi. Yau za ta fita, ko kwandon shara ko cikinka. Yalla, zaɓi ɗaya."

Iddi ya karɓe ta ya nufi bayan gini inda manyan kwandunan suke. Ya ɗaga murfin, wari ya bugo shi. Ya tsaya da kazar a hannu cikin zafin rana, ruwa ya fara ɗiga daga ledar yana bin gwiwar hannunsa. Abin da ya gani a lokacin shi ne yaro da shebur a bayan gidansu na Kumasi, yana haƙa rami ranar Sallah. Ya saki murfin. Ya naɗe kazar a rigar sanyinsa, ya taka da ƙafa har Al Muraqqabat.

Hamamatu ce ta buɗe masa ƙofa. Ta karɓa, ta kalli hatimin, ta kalle shi, ta ɗora ruwa. Ta dafa ta da citta da tafarnuwa, ta soya, ta ajiye masa a faranti ita kaɗai ba shinkafa. Naman ya bushe, ya yi ɗanɗanon ƙanƙara da ƙarnin kifi. Iddi ya yi bismillah ya ci. Ya ci ƙirji, ya ci cinya, ya tsotse ƙashi, hawaye na zuba cikin gemunsa, yana cewa yajin ne ya yi yawa. Da ya gama ya miƙa hannu.

"Kira mini shi."

Wayar ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka. Ana jin ƙarar injin kwaɓa siminti a bayan muryar.

"Gwaggo?"

"Ni ne. Na ci." Ya gyara murya, don har a lokacin bai iya faɗin magana ba tare da ya ɗora mata kaya ba. "Tun Nuwamba na ajiye ta, ta farkon zuwa ce. Yankan Satumba. Na cinye duka. Ka zama mai wuƙa."

Iddi ya ƙara manna wayar a kunne.

"Satumba ka ce, Baba?"

"Haka aka rubuta."

"A Satumba ƙasa nake wankewa. Jini da kashin kaji nake turawa da tiyo. Ba sa ba sabon zuwa wuƙa sai ya yi watanni. Abin da na so in gaya maka ke nan ranar da ka kashe mini waya. Ko Gwaggo ban faɗa wa ba, kunya nake ji. Sai Nuwamba aka ba ni wuƙa, ranar na aiko maka da saƙo."

"To wa ya yanka wannan?"

"Ban sani ba. Wataƙila wani ɗan Senegal, wataƙila ɗan Bangladesh. Ka ci yankan mutumin da ba ka san ko sunansa ba, Baba. Waɗanda na yanka kuwa duk ta kafaɗarka suka wuce, daga Disamba har bayan yajin aiki. Kai ka ɗora su a mota."

"Abdul-Aziz..."

"Ana kirana. A gaida Gwaggo."

Iddi ya zauna da wayar a hannu, ga ƙasusuwa a gabansa. Hamamatu ta ɗauke farantin, ta juye su a shara, ta buɗe famfo da ƙarfi.

Washegari bai je aiki da wuri ba. Ya fara daga kantunan Al Muraqqabat, ya bi ta Al Rigga, ya gangara har ƙananan shagunan Al Buteen na bakin ruwa. Duk inda ya ga firjin kaji sai ya zura hannu har kafaɗa, ya tono na ƙasa, ya kankare leda, ya duba hatimi, ya duba watan yanka. Yana neman lambar nan da yankan Nuwamba zuwa Fabrairu. Kaza ba ta kwana a Deira, na hannun ɗansa an daɗe da cinye su a gidajen mutanen da ba su taɓa tambayar wa ya yanka ba. Masu shaguna suka gane shi, da sun hango shi sai su tare ƙofa.

"Khalas, habibi! In ba saya za ka yi ba, bar mana firji a rufe."

Yakan zage su da Hausa, su rama da nasu yaren, ya wuce shago na gaba. Har ƙarshen shekarar ana ganinsa ran Juma'a bayan masallaci, lokacin da sauran 'yan Zango ke hawa bene wurin Hamamatu, shi yana tsaye a bakin wani firji, hannunsa ya yi fari don sanyi, yana juya kaza yana karanta watan yanka.